Birni da Waje: Wa Ya Fi Wani Jin Daɗi a Kanon Zamanin Turawa?

Masana tattalin arziki suna da sha'awar tsibirin da aka raba biyu. Tsibirin Hisfaniyola da ke yankin Karibiyan, wanda Haiti da Jamhuriyar Dominika suka raba a tsakaninsu, shi ne misalin da aka fi kawowa, sai kuma ɗan ƙaramin tsibirin Sen Matin da Faransa da Holan suka kasa biyu tun 1648. Dalilin sha'awar a fili yake: teku ɗaya ne ya kewaye ɓangarorin, rana ɗaya ke dukansu, saboda haka idan aka tarar wani ɓangare ya fi wani wadata, sai a nemi sanadin a wajen mulki da doka da tarihi. Kano ba ta san teku ba. Amma daga 1913 zuwa 1940, mai tafiya a ƙafa daga Ƙofar Mata zuwa kasuwar Sabon Gari zai taka ƙasar hukumomi biyu, kowace da kotunta da 'yan sandanta da asusunta, tun bai yi tafiyar awa guda ba. Ganuwa da wani fili da aka hana gini a kansa su ne suka yi aikin da ruwa ke yi a tsakanin tsibirai.

Kafin zuwan Turawa, tambayar wa ya fi wani jin daɗi ba ta ma taso ba, domin Kano ita ce abin da ke cikin ganuwa. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin da kimanin 30,000, adadin da kan ninka a lokacin rani idan ayarori suka sauka. Ya ƙiyasta darajar tufafin da Kano ke saƙawa tana rinawa tana fitarwa da wuri miliyan 300 a shekara, ya kuma lissafa cewa wuri 50,000 zuwa 60,000, wato fam huɗu ko biyar, sun isa iyali guda su ci su sha su yi sutura har shekara ta zagayo. Sai dai bai ɓoye ƙazantar Jakara da kududdufan da ke tsakiyar gari ba, haka kuma bai ɓoye cewa wani kaso babba na mutanen da ya gani bayi ne ba. A wajen ganuwa kuwa babu wani gari sai Fagge, tsohon zangon fatake da Buzaye, da gidajen gandu na sarakuna irin su Nassarawa da Fanisau.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta shiga Kano, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Turawa ba su zauna a cikin gari ba. Suka kafa barikinsu a gabas, a Bompai da Nassarawa, suka bar birni a hannun sabon Sarki, Abbas. Wannan zaɓi yana da fuska biyu. Ta fuskar siyasa, Gwamna Lugga ya ga babu riba a tsoma baki cikin unguwannin da ke da alkalansu da masu unguwanninsu, tunda ba shi da ma'aikatan da za su maye gurbinsu. Ta fuskar lafiya kuwa, ba a daɗe da gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ba, likitocin mulkin mallaka suka ɗauka cewa kariyar Bature ita ce ya nisanci ɗan ƙasa. Daga nan aka sami ƙa'idar barin fili na yadi 440, wato rubu'in mil, tsakanin unguwar Turawa da ta kowa. Ƙa'ida ce mai ban dariya idan aka tuna cewa kuku da boyi da mai gadi a bayan gidan Baturen suke kwana.

Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya fara ɗaukar kaya a 1912, tare da shi kuma aka sami baƙin da tsarin bai tanadi wurin zamansu ba: akawuna da masu buga waya da kafintoci da ƙananan 'yan kasuwa daga Legas da ƙasar Yarabawa, da Saliyo da Gwalkwas. Yawancinsu Kiristoci ne, ba sa ƙarƙashin kotun alkali, Sarki ba ya son su a cikin gari, Bature ba ya son su a bariki. A 1913 aka yanka musu Sabon Gari a arewa maso gabashin ganuwa, aka ja tituna miƙaƙƙu, aka raba filaye. Da farko akwai Hausawa da Nupawa da yawa a cikinsa, kafin a karkata irinsu zuwa Tudun Wada. Ibo sun fara kwarara sosai bayan layin dogo na Gabas ya haɗu da na Arewa a 1927, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932. Dokar garuruwa ta 1917 ta sa yankin da ke wajen ganuwa a aji na biyu, Legas kaɗai ce a aji na ɗaya, ta kuma danƙa shi ga majistare Bature. Kwarori, 'yan Labanan da Sham, suka sami nasu rukunin a gefen Fagge, inda Kantin Kwari ya samo sunansa.

Idan da kuɗin hannu za a auna, kamar yadda masu kwatanta tsibirai suka saba, to Sabon Gari ne a gaba. Mazauninsa albashi yake ɗauka a ƙarshen wata daga reluwe ko gidan waya ko kantunan Turawa irin su John Holt da Kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin UAC. Yana da rufin kwano, da keke, da takalmi sau-ciki, daga baya da garmaho. Abin da ya fi duk waɗannan, 'ya'yansa suna zuwa makarantar mishan. An hana mishan aiki a cikin birni, amma a Sabon Gari coci-coci suka buɗe makarantu, ƙungiyoyin ƙabilu irin ta Ibo su ma suka tara kuɗi suka gina nasu. Duk wanda ya iya Turanci da lissafin boko, kujerar akawu tana jiransa.

A cikin gari ilmi bai yi ƙaranci ba, kasuwarsa ce ta faɗi. Makarantun allo da zaurukan malamai a Madabo da sauran unguwanni sun ci gaba da yaye masu karatu da rubutun ajami, amma gwamnati da kamfanoni ba da wannan rubutun suke ajiye littattafansu ba. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 ta 'ya'yan sarakuna da malamai ce, ba ta kowa ba. Makarantar Midil da ta zama Kwalejin Rumfa, da makarantar alkalai ta Shahuci, da Makarantar Shari'a ta 1934 wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, duk an gina su ne don samar wa En'e ma'aikata daidai buƙatarta. Ɗan majemi ko ɗan marini ba ya cikin lissafin.

Amma albashi ba shi ne dukiya ba, kuma a nan ma'aunin ya fara karkacewa. Turawa sun shimfiɗa dogo ne da fatan auduga, sai manoman Kano da attajiran birni suka zaɓi gyaɗa. Tsofaffin fataken goro na Gwanja, waɗanda suka san ƙauyuka suka san yadda ake ba da bashi a karɓa da kaka, su ne suka zama dillalan kamfanoni: Umaru Sharubutu, Maikano Agogo, da wanda ya fi su shahara, Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma, kuma a cikin ganuwa ya zauna, wajen Koki, a gidan da daga waje ba zai nuna wa baƙo komai ba. Babu akawun Sabon Gari da ya kama ƙafarsa. Wanda ya zo ƙidayar rufin kwano zai wuce ƙofar irin wannan gida bai rubuta komai ba, domin dukiyar birni tana cikin haja da bashin da ke hannun mutane da shanu a ƙauye da riguna a adaka, ba a jikin bango ba.

Sai batun muhalli, wanda shi ne ya fi rikitar da kwatancen. Dokar filaye ta 1910 ta mayar da dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, ta kuma bambanta ɗan ƙasa da baƙo. Bakano a cikin gari yana zaune a gidan da ya gada, ba ya biyan haya, yana da zaure da tsakar gida da rijiya da turken akuya, kuma idan iyali ya ƙaru sai a kwaɓa ƙasa a yi tubali a ƙara ɗaki. Har ila yau akwai gonaki a cikin ganuwa, musamman ta yamma wajen Dala da Goron Dutse, domin katangar, wadda Lugga ya ƙiyasta kewayenta da mil 11, an gina ta ne ta ƙunshi gari da abincinsa a lokacin yaƙi. Mutumin Sabon Gari kuwa izinin zama na wa'adi yake da shi a kan filinsa, in ma yana da filin. Iyakar unguwar a ƙayyade take, jama'a kuma ƙaruwa suke kullum, sai masu filaye suka cika su da ɗakunan haya a jere, iyali guda a ɗaki guda, bayan gida na bokiti guda ga gida duka. A ƙidayar 1952, lokacin da Kano baki ɗaya take da mutum kimanin 130,000, sama da 20,000 suna cunkushe a wannan ɗan murabba'in. Wani kaso na albashin da ya sa ɗan Sabon Gari ya zama abin sha'awa yana tafiya ne a haya da sayen kowace ƙwayar abinci da aike gida Kudu. Idan aka sallame shi daga aiki, kamar yadda ya faru da mutane da yawa a karayar tattalin arzikin duniya ta farkon shekarun 1930, ba shi da rumbu ba shi da dangi kusa.

Wannan ba yana nufin birni aljanna ba ce. Ƙasar da aka gina gidajen da ita daga kududdufai aka haƙo ta, kududdufan kuma su ne matattarar sauro da shara. Rijiya da salga sukan kasance a tsakar gida ɗaya, taku kaɗan a tsakani. Agana da sanƙarau suna zagayowa. Rabon gado yana yanka gida ƙanana-ƙanana daga tsara zuwa tsara, lunguna suna ƙara matsewa. Sa'annan kalmar "Bakano" tana rufe bambanci mai girma. Dokar Turawa ta 'yanta waɗanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ne kawai, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, saboda haka a shekarun da ake magana a kansu akwai masu biyan murgu a cikin gari, akwai almajirai da 'yan cin rani masu kwana a zaure. Akwai kuma matan kulle, waɗanda kaɗinsu da saƙarsu da abincin sayarwarsu ke fita ta hannun yara 'yan talla, dukiyar da babu littafin haraji da ya taɓa ƙirga ta. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, ta nuna irin nauyin da wannan ciniki na bayan katanga yake ɗauke da shi a tattalin gida.

Wurin da lissafin hukumomin biyu ya haɗu shi ne ruwa da wuta. Baitulmalin Kano, wanda aka tsara wajen 1909, ya zama mafi ƙarfi a dukkan Arewa. En'e tana riƙe rabin harajin da ta tara a farko, daga baya kasonta ya ƙaru, tana kuma ajiye rara. Da wannan rarar ta gina asibitin cikin gari kusa da Ƙofar Mata a ƙarshen shekarun 1920, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala. Da ita kuma ta yi aikin da ya fi kowanne girma, na janyo ruwa daga kogin Challawa da samar da lantarki, wanda aka buɗe a 1931 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a kan kuɗin da ya haura fam 300,000. Ba gwamnatin Legas ce ta biya ba, ba kuma asusun yankin Turawa ba, wanda kuɗin shigarsa bai taka kara ya karya ba.

Sai dai bututu ya fi son miƙaƙƙen titi. Jan famfo da waya zuwa gidan siminti a Nassarawa ko kanti a bakin tasha abu ne mai sauƙi, kuma mai gidan yana da kuɗin biya duk wata. Shigar da su lungun da jaki biyu ba sa giftawa, cikin ginin ƙasa da damina ke zaizaya, wani aiki ne daban. Fada da masallaci da ofisoshin En'e da manyan hanyoyi sun sami haske, amma galibin gidajen birni sun ci gaba da dogara ga rijiya da famfon unguwa da ɗan ga-ruwa, da fitilar aci-bal-bal ko ta kananzir. An sha danganta wannan da ƙyamar da mutanen gari suka nuna wa abin Nasara, kuma ƙyamar ta faru da gaske a farko. Amma wanda ya tsaya a nan ya sauƙaƙa wa hukuma, domin ƙyama ta gushe cikin 'yan shekaru, tsadar haɗawa da matsin lungu kuwa suna nan.

Akwai kuma tsibiri na uku da kwatancen birni da waje yake ɓoyewa. Kuɗin Baitulmali ba daga Kurmi ko Koki yawancinsa ya fito ba. Masarautar Kano tana da mutum fiye da miliyan biyu, birnin bai kai kashi ɗaya cikin ashirin ba, haraji da jangali kuwa daga manoman Bichi da Gaya da Rano da Dawakin Tofa da makiyayansu hakimai suke tattaro su. Su ne suka noma gyaɗar da aka yi dalar buhuna da ita a bakin dogo. Su ne yunwar Kakalaba ta 1914 ta fi kassarawa, bayan farin 1913, a daidai lokacin da cinikin gyaɗa ya fara bunƙasa. Jakunansu ne ke shigo da itace da hatsi cikin gari su fita da taki, kamar yadda Michael Mortimore ya bayyana a nazarinsa na karkarar da ke kewaye da Kano. Tsakanin ɗan birni da ɗan Sabon Gari ana iya gardamar wa ya fi morewa. Tsakaninsu su biyu da mutumin ƙauyen da ya biya kuɗin famfon bai taɓa shan ruwansa ba, babu gardama.

A 1940 aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e, aka haɗa shi da Fagge da Tudun Wada a matsayin Waje, da wakilin Sarki a kansu, da kotun haɗaka mai duba al'adun baƙi. Hukuma ta zama ɗaya, amma rayuwa ta ci gaba da zama biyu. Giya da otal da gidan rawa suna waje. Silima ma a can ta fara, da Rex a 1937, kuma gobarar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rai 331, ta ƙarfafa masu ganin cewa abin da ke bayan ganuwa halaka ne. Da aka buɗe silimar Palace a Jakara a farkon shekarun 1950, a cikin gari, sai da aka yi rigima. Duk da haka samarin birni suna fita da yamma su dawo da dare, leburori suna fita da safe, mahauta da masu hatsi suna kai kaya kasuwar Sabon Gari. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta sami gindin zama a Fagge, inda hannun dogari da ɗan doka bai kai ƙarfin da yake da shi a cikin gari ba. Wannan ma wani ma'aunin jin daɗi ne da ba ya shiga jadawali: inda mutum zai iya buɗe baki bai kwana a gidan yari ba.

Kowane ɓangare yana kallon abin da ɗayan ya fi shi. Ɗan birni yana ganin baƙo a kan kujerar gidan waya da tagar sayar da tikitin jirgi a garin kakanninsa. Ɗan Sabon Gari yana ganin yana biyan haraji ga hukumar da ba shi da murya a cikinta, a kan filin da ba zai taɓa zama nasa ba. A watan Mayu 1953, bayan taƙaddamar neman mulkin kai a majalisar Legas da shirin ziyarar tawagar Akintola, aka yi kwana huɗu ana faɗa a tsakanin Fagge da Sabon Gari. Alkaluman hukuma sun ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Siyasar ƙasa ce ta kunna wutar, amma a kan iyakar da aka ja a 1913 ta ci. Manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, wadda gwamnatin Sardauna ta bi daga tsakiyar shekarun 1950, ta fara rage ratar albashi. Kashe-kashen 1966 kuwa sun nuna wa dubban mazauna Sabon Gari cewa rufin kwano da takardar makaranta ba su saya musu zama lafiya ba, suka bar gidajensu suka nufi Gabas.

Lokacin da B. A. W. Trevallion ya tsara shirin raya Kano na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, gari ɗaya ya zana a takarda, amma abin da ya gada shi ne guntaye masu mabambantan tituna da magudanai da dokar fili. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e, asusun da ya gina asibiti da gidan ruwa ya koma hannun jiha. Attajirai da manyan ma'aikata 'yan asalin birni suka koma Nassarawa da Bompai, cikin gidajen da aka keɓe don nisantar kakanninsu, suna dawowa gidan gado don ɗaurin aure da jana'iza. Gonakin cikin ganuwa sun zama gidaje, kududdufai da yawa an cike su an yi gini, ruwan da suke tarewa da damina ya koma bin lunguna. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, ta zaizaye ta zama tudu a wurare da dama, an kuma rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya. A Yakasai da Mandawari, haka kuma a titin Faransa da titin Ibo, gidaje da yawa yanzu daga hannun mai tura kurar jarkoki suke sayen ruwa.